Awa Ɗaya a Ɗakin Gilashi

Duk wanda ya ƙirƙiro ɗaki mai bangon gilashi bai taɓa yin kishi ba. Abin da Auta take faɗa a ranta ke nan ranar Talata da hantsi, tana zaune a ƙarshen dogon tebur, zanen da ta fara tun safe yana nan a kwamfutarta yadda ta bar shi. Idonta yana can ɗakin gilashi, inda saurayinta Lauya ya zauna da Mai Turare karo na uku cikin mako biyu. Tana ganin komai, ba ta jin komai, wannan kuwa ya fi mata ciwo a kan a ce an ja labule gaba ɗaya.

Wurin nasu hawa na biyu ne a wani dogon bene da ke bakin titi. A da ɗakin ajiyar kaya ne, sai wata mata da kowa yake kira Anti ta karɓe shi, ta sa aka yi fenti, ta jera tebura, ta kawo wutar da ba ta ɗaukewa da intanet mai ƙarfi, da firinta guda, da butar shayi guda wadda ta fi kowa shan wahala a ginin. Duk mai sana'ar da ba shi da ƙarfin kama ofis na kansa sai ya zo ya kama kujera. Akwai Baba Tafinta a bakin taga, yana juya takardun mutane daga wani harshe zuwa wani yana mita. Akwai Malamin Lissafi da yake koyar da ɗalibansa ta kwamfuta, da mai hoto, da mai zanen gidaje, da wasu 'yan mata biyu masu shirya wa mutane tafiye-tafiye, waɗanda wayarsu ba ta san hutu ba. Ita Auta tambari take zana wa 'yan kasuwa.

Aiki a wurin daga hannu yake zuwa hannu. Kwalaben Mai Turare, Auta ce ta zana musu tambari, mai hoto ya ɗauke su, Lauya ya rubuta mata yarjejeniya da masu kantuna. Abin da ya fi ƙona wa Auta rai ke nan, ita da bakinta ta ce, "Ai ga Barista nan, je ki wurinsa." To ga shi an je, an ƙi dawowa.

Ɗakin gilashi shi kaɗai ne mai ƙofa, don haka kowa idonsa a kansa yake. A jikin bangonsa akwai farin allo da aka raba kwana-kwana, awa-awa. Kowa yana da awa huɗu a mako, sai ya rubuta sunansa da alƙalami mai shuɗiyar tawada a inda yake so. Dokar Anti guda ce, kuma ba ta wasa da ita: ba mai goge sunan wani. Tsumman goge allon ma a aljihun teburinta yake kwana, a kulle.

Auta tana cikin kallo ta ga Mai Turare ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Lauya ya sa hannu a aljihu ya zaro hankici ya miƙa mata. Hankicin nan Auta ta san shi, ita ta saya, fari mai shuɗin baki, guda uku a kwali.

"'Yar nan," in ji Baba Tafinta ba tare da ya ɗago daga takardunsa ba, "kwamfutar taki a gabanki take, ba a can ba. Wuyanki zai ƙage."

"Tunani nake, Baba."

"Na gani. Tunanin ma har ya sa gilashi ya fara zafi."

Ta miƙe ta nufi lungun da ake dafa shayi, ta jona butar don kawai hannunta ya sami abin yi. Ba a jima ba ta ji takun Lauya a bayanta, takun da ko cikin mutum ɗari za ta gane.

"Ranki ya daɗe, barka da hutawa."

"Ku ne da hutawa ai, masu sanyin ɗaki. Mu na waje aiki muke."

Ya yi murmushi ya ɗauko kofinsa da yake rataye kusa da nata. Shekara guda da rabi ke nan kofunan nan suna maƙwabtaka, har mutanen wurin sun daina tsokanarsu a kai.

"Yau kuma me na yi?"

"Me take gaya maka da sai an rufe ƙofa?"

Murmushin ya ragu. "Auta, kin san ba zan iya faɗa ba. Maganar wanda ya kawo mini aikinsa amana ce. Ko mahaifiyata ce ta tambaye ni, amsar da zan ba ta ke nan."

"To hankicin fa? Shi ma a makarantar lauyoyi aka koya muku?"

"Kuka take yi."

"Ni ma ai ina yi. Sai na je gida nake yin nawa, shi ya sa ba ka gani."

Ya ajiye kofin a hankali. Ya rage murya, don a wurin nan ko tari ka yi sai mutum ashirin sun ce maka sannu.

"Shekaranjiya direban Ɗan Kwangilar nan mai neman aurenki ya hauro nan niƙi-niƙi da kwali, ya dire a gabanki, ina zaune tebur ɗaya da ke. Na ce miki wani abu?"

"Ai na mayar masa da kayansa."

"Na sani. Tun kafin ki mayar na san za ki mayar. Abin da nake roƙon ki yi mini ke nan, ki san ni tun kafin in yi bayani."

Maganar ta shige ta, amma kishi bai bar ta ta zauna ba. Ta ɗauki shayinta ta wuce shi, har tana zubar da kaɗan a hannu, zafin ma ba ta ji ba.

A gida ma ba sauƙi ta tarar ba. Tun rasuwar mahaifinsu Yaya ne uba a gidan, shi ya ƙarasa mata karatu, shi ya saya mata kwamfutar da take aiki da ita, don haka idan ya yi magana ba a cika ɗorawa ba. Ta same shi a falo shi da Mama, ganin yadda suka yi shiru da shigowarta ta san zancenta ake yi.

"Zauna, Auta. Mutanen Ɗan Kwangila sun sake aiko mini. Ranar Asabar suke son amsa."

"Yaya, ai na faɗa maka amsata."

"Kin faɗa. Ni kuma na gaya miki tawa damuwar. Wannan mutumin yana da bene nasa, sunansa a rubuce a ƙofa. Naki kuwa ko ƙofar da zai rubuta suna ba shi da ita. Lauya ne wai, amma tebur ɗaya yake zama da mai sayar da turare da mai ɗaukar hoto, kamar 'yan makaranta. Idan babban mutum ya zo wurinsa a ina zai zaunar da shi? A kan firinta?"

"Akwai ɗakin ganawa, Yaya. Kuma ni ma ai a can nake, ka taɓa ganin na rasa aiki? Rabin masu kawo masa aiki a teburin nan ya same su. Mutum ne mai amana, ba ya ƙarya, ba ya kallon kowa..."

Nan ta tsaya, don ta tuno hankici. Hawaye suka zubo, Mama ta ɗauka na tsoron Yaya ne, ta jawo ta jikinta.

"Ka bi ta a hankali mana. Yarinyar nan ba ta taɓa kawo mana wani ba sai shi."

Yaya ya yi ajiyar zuciya. "Ba zan yi miki dole ba, Auta, ke ba yarinya ba ce. Amma ba zan sa hannuna a abin da bai kwanta mini ba. Zan yi bincikena kafin Asabar. Idan ya yi mini, shi ke nan. Idan bai yi ba, ki cire shi a ranki, kada ki sake kawo mini maganarsa."

Ta shiga ɗaki tana kuka iri biyu, ɗaya na tsoron a raba ta da shi, ɗaya na haushin mutumin da ta gama karewa. Ita kanta ba ta san wanne ya fi yawa ba.

Ranar Laraba ita da Lauya ba su yi magana ba sai gaisuwa. Ta lura ya amsa wata waya ya fita baranda da sauri, ya dawo fuskarsa da damuwa, ya tsaya a gaban allo yana ƙirga awoyi da yatsa. Ta lura ya je teburin Mai Turare ya sunkuya ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ita kuma ta yi dariya ta rufe baki, ta saci kallon Auta. Wannan satar kallon ita ta ƙarasa lalata komai.

Ranar Alhamis ta riga kowa zuwa, ban da mai shara da ta gama ta tafi. Ta ajiye jaka, ƙafarta ta kai ta gaban allo ba tare da ta aike ta ba. Ga shi nan da rubutun Mai Turare mai lanƙwasa: Alhamis, ƙarfe huɗu zuwa biyar, Mai Turare da Barista.

Ta ƙirga. Awoyin Lauya huɗu sun ƙare tun Talata. Wato wannan awar ta Mai Turare ce, ita ta ciro daga nata rabon ta kashe a kansa, macen da kan minti goma ta taɓa yin sa'insa da mai hoto har sai da Anti ta raba. Yau ita ce mai kyautar awa guda. Kuma dubi yadda ta jera sunayen, nata a gaba, nasa a baya, kamar katin gayyata.

Ta waiga. Ba kowa. Tsumma yana kulle a teburin Anti, ita kuwa zuciya ta riga ta ɗebe ta. Ta kama gefen farin mayafinta ta dunƙule, ta goge layin tas, har da ɗigon ƙarshe. Wani sanyi ya ratsa ta, irin na wanda ya sosa inda yake masa ƙaiƙayi, bai kai minti ɗaya ba ya wuce. Ta duba mayafin, ya yi shuɗi ɓaro-ɓaro. Ta naɗe gefen ta tura ƙarƙashin hammata, ta koma kujerarta.

Malamin Lissafi ne ya fara gani. Mako uku yana farautar yammacin Alhamis, saboda ɗalibansa talatin suna da jarrabawa, kuma hayaniyar 'yan matan tafiye-tafiye tana shiga masa darasi.

"Ikon Allah, wa ya janye? Allah ya yi masa albarka ko wane ne." Ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya tafi yana murza hannu.

Albarkar nan ba ta kama Auta ba. Lauya yana kotu tun safe, Mai Turare ta fita kai kaya, Anti kuma tana fama da mai gyaran firinta, ba wanda ya ƙara bi ta kan allo. Sau biyu Auta ta yunƙura za ta je ta gaya wa Malam kuskure ne, sau biyu tana tuno satar kallon nan ta koma ta zauna. Ta ce a ranta, in maganar aiki ce su yi ta a teburi kowa ya ji.

Huɗu saura kwata Malam ya shige ɗakin gilashi, ya rufe ƙofa, ya sa abin sauraro a kunne, fuskokin ɗalibai suka cika kwamfutarsa. Huɗu saura minti biyar Mai Turare ta hauro tana haki, ɗauke da tire da kofunan tangaran masu ruwan zinare, da 'yar kwalbar turaren ɗaki. A bayanta Lauya ne, ya canza kayan kotu, ya sa farar shadda sabuwa fil, da hular da Auta ba ta taɓa gani ba. Kishi ya sake turnuƙe ta, har ta ji daɗin abin da ta yi. Wato har da kwalliya.

Su biyun suka yi turus a gaban allo.

"Barista, wallahi na rubuta. Da hannuna na rubuta jiya."

Lauya ya dubi allo, ya dubi Malam da yake ta zuba bayani yana nuni da hannu, ya dubi agogo. Auta ba ta taɓa ganin fuskarsa ta yi irin wannan faɗuwar ba. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa gilashin, sai ya sauke, don ya san ba a tayar da malami a tsakiyar ɗalibai talatin.

A daidai nan aka yi sallama a bakin matakala, da muryar da Auta ta gane nan take.

Yaya ne. Ya sha babbar riga, yana tsaye yana ƙare wa wurin kallo: dogon tebur, wayoyin wuta a ƙasa, 'yan matan tafiye-tafiye kowacce da waya a kunne, mai gyaran firinta ya baje kayansa a kan hanya. Lauya ya ƙarasa da sauri ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Yaya. Kun sha hanya."

"Yauwa. Ka ce mini ƙarfe huɗu, ka ce akwai ɗakin da za mu zauna mu biyu. Ga ni."

Sai yanzu Auta ta gane. Wayar jiya, ƙirgen awoyi, raɗar da aka yi, satar kallo, kofunan tangaran, sabuwar hula, duk suka jeru a gabanta kowanne ya koma mazauninsa. Awar da ta goge tata ce.

"Yaya, ku yi haƙuri, an sami 'yar matsala. Ɗakin... wani ya riga ya shiga."

Yaya ya dubi ɗakin gilashi, ya dawo da idonsa kan Lauya, ya yi wani murmushi marar daɗi.

"Tun jiya na kira ka. Na ce kada ka gaya wa Auta, ina so in gan ka a inda kake, mu yi magana ta maza. Kwana guda na ba ka ka tanadi kujera biyu da ƙofa. Awa ɗaya ka kasa riƙewa, malam. Mutumin da ya kasa riƙe ɗaki na awa ɗaya, shi zan damƙa wa ƙanwata ya riƙe har ƙarshen rayuwa?"

Jin haka har 'yan matan suka kashe wayoyinsu. Anti ta taso tana gyara tabarau.

"Alhaji, a yi haƙuri, wannan ba halin wurin nan ba ne. Jiya da zan tashi na ga layin nan da idona. Goge shi aka yi, kuma tsumma yana wurina." Ta juya ga Mai Turare. "Ko ke kika fasa ba shi awar, kika goge ba ki faɗa ba?"

"Ni, Anti?" Idon Mai Turare ya ciko. "Mutumin da yake tsaya mini a kotu a kan a dawo mini da ɗana, wata huɗu rabona da yaron, shi zan yi wa haka? Da awoyina huɗu ya nema duka zan ba shi. Murna nake tun jiya, na ce yau za a yi maganar auren ƙawata."

Ƙawata. Kalmar ta sauka a kan Auta da nauyi. Shari'ar ɗa ce ashe ake kuka a kanta a bayan gilashi, ita kuwa tana waje tana ƙirga hankici.

"Ba ita ba ce," in ji Lauya da sauri. "Yaya, laifina ne. Ni ya kamata in dawo da wuri in tabbatar. Ba na so a ɗora wa kowa."

"To ka ji," in ji Yaya, ya gyara rigarsa. "Auta, ɗauko jakarki mu tafi. Na ga abin da na zo gani."

Ta miƙe. Hanya biyu ce a gabanta, kuma duk ta ga ƙarshensu. In ta yi shiru, Yaya ya tafi da hukuncinsa, Asabar ta zo ta wuce da komai. In ta yi magana, mutumin nan da ya roƙe ta abu ɗaya tak a gaban butar shayi zai san amsar da ta ba shi. Ta dube shi yana tsaye cikin sabuwar shaddarsa, ya ɗauki laifin da ba nasa ba ya ɗora a ka, sai ta ji ba za ta iya ba.

Ta saki gefen mayafin. Ya warware ya sauko, shuɗin tawada ya fito fili a kan fari.

"Ni ce, Yaya. Ni na goge."

Baba Tafinta ya cire tabaransa ya ajiye a kan takarda.

"Na ga sunanta da nasa ne," ta ci gaba, hawaye suna bin fuskarta. "Na ɗauka... ban san me na ɗauka ba. Kishi ne ya rufe mini ido. Ya gaya mini amana ce, ban yarda ba. Ya tanadi ɗakin, Yaya, har roƙon awa ya yi saboda kai. Ni na ɓata. In akwai wanda ya kasa riƙe wani abu a nan, ni ce." Ta juya ga Mai Turare. "Ki yafe mini, don Allah. Na zarge ki a raina da abin da ba ki ji ba, ba ki gani ba."

Mai Turare ta ajiye tiren a kan tebur a hankali, ta juya baya tana share ido.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙanwarsa, kallon da ta gwammace mari a kansa. Sannan ya juya ga Lauya.

"Ka san ita ce?"

"Na ga gefen mayafin tun da na shigo, Yaya. Ban so in gane ba ne."

"Kuma ka ce laifinka ne."

Lauya ya sunkuyar da kai.

"A ba ni kujera," in ji Yaya.

Mai hoto ya ruga ya jawo kujerar da yake zaunar da manyan baƙi in zai ɗauke su. Baba Tafinta ya tattare takardunsa ya ba da gefen taga, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Mai Turare, duk da idonta ja, ta zuba shayi a kofunan tangaran ta kai. A nan bakin dogon tebur, mai gyaran firinta yana ƙwanƙwase-ƙwanƙwasensa, Yaya ya yi wa Lauya tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya: iyayensa, aikinsa, inda zai ajiye mata, abin da yake nufi da rayuwarsa. Da ya tambayi wa zai shaide shi, Baba Tafinta ya ce shekara biyu yana fassara masa takardu bai taɓa kama shi da ƙarya ba, mai zanen gidaje ya ce shi ya raba shi da wani ɗan damfara, Anti ta ce in ta yi tafiya shi take bar wa makullin wurin. Auta tana tsaye a lungun shayi, ba ta da bakin sa baki.

Biyar saura kaɗan Yaya ya ajiye kofi.

"Na zo neman ƙofa mai suna, ban samu ba. Amma na ga mutum ashirin sun tsaya wa mutum ɗaya, kuma na ga wanda aka kunyata a gaban jama'a ya rufa wa wadda ta kunyata shi asiri. Wannan ya ishe ni. Zan ba mutanen Ɗan Kwangila haƙuri. Ka turo manyanka ranar Asabar."

Auta ta dafe ƙirji. Maganar da ta yi wata shida tana roƙon Allah ta ji, ga ta ta fito daga bakin Yaya, a gaban shaidu. Ta ɗago ido cike da hawaye tana neman idon Lauya.

Bai dube ta ba. Ya cire sabuwar hular ya riƙe a hannu yana juya ta.

"Na gode, Yaya. Allah ya ƙara girma. Wallahi tun jiya ba abin da nake fata in ji sai wannan." "Amma aikina duk haka yake. Gobe wata za ta zo da kukanta, jibi wata, a rufe ƙofa, kuma ba zan taɓa iya faɗin abin da aka ce ba. Na ɗauka ku ne ba ku yarda da ni ba, ashe ban san inda matsalar take ba. Ina roƙon a ɗaga mini Asabar ɗin nan. Ina so in yi tunani."

"Barista..." in ji Auta.

"Ki bari, Auta. Ba yau ba."

Yaya ya miƙe, ya dafa kafaɗarsa. "Ka yi tunaninka, ba wanda zai ga laifinka." Ko kallonta bai yi ba ya ce, "Ina mota."

Ƙofar ɗakin gilashi ta buɗe, Malamin Lissafi ya fito yana miƙa, fuskarsa fal annuri, bai san wainar da aka toya ba.

"Kai, yau na yi darasi mai daɗi. Wai wane ɗan albarka ne ya bar mini awar nan?"

Lauya ya tattara takardunsa ya zuba a jaka, ya zo lungun shayi inda Auta take tsaye. Ta ɗauka magana zai yi. Ya miƙa hannu ta gefenta ya zare kofinsa daga ƙusar da ke kusa da nata, ya sa a jaka, ya sauka.

Auta ta tsaya da gefen mayafi a hannu, tana kallon kofinta yana lilo shi kaɗai, har sai da Yaya ya danna mata hon karo na biyu.